Koya wa Matasa Haɗa Bidiyo ta Hanyar Hira da Masu Sana'ar

Matashin da aka zaunar a aji ana yi masa bayanin haske da sauti, kafin mako ya zagayo ya manta rabi. Amma idan aka miƙa masa kyamara aka ce ya ɗauki hira da darakta ko mai ɗaukar hoto, darasi biyu yake kwasowa: abin da gwanin ya faɗa, da abin da hannunsa ya koya wajen ɗaukar maganar.

A raba yaran huɗu-huɗu. Ɗaya ya riƙe kyamara, ɗaya ya kula da sauti, ɗaya ya yi tambaya, na huɗu ya riƙa rubuta mintin da aka faɗi kowace magana mai nauyi. A hira ta gaba a yi musaya, don kada mai baki ya riƙe tambaya kullum, mai kunya ya ɓuya bayan kyamara. Kafin a gayyato baƙo, su fara gwadawa a kan junansu.

Tambayoyi su ne rabin aikin. Su kalli ayyukan baƙon tukuna, su zaɓi hoto ɗaya ko fitowa ɗaya daga fim ɗinsa. Idan aka ce masa "Yaya ka fara sana'a?", amsar da ya saba bayarwa ko'ina zai maimaita. Amma a ajiye hotonsa a gabansa a ce, "Malam, daga ina hasken nan ya fito, kuma me ya sa ka tsaya ta wannan gefen?" Nan take za ka ga ya miƙa yatsa yana nuna inuwar da ke ƙarƙashin haɓa, yana bayanin abin da ya gwada bai yi ba. Ilimin da ake nema ke nan. Tambaya takwas sun isa hirar minti 20, kuma kada a sa wadda za a amsa da "eh" ko "a'a". A roƙi baƙon ya riƙa amsawa da cikakkiyar jimla, domin a wajen tacewa, wato yanka da haɗa bidiyon, ana cire muryar mai tambaya. A nemi izininsa a rubuce, haka ma na iyayen yaran da ba su kai shekara 18 ba.

A zaunar da baƙo kusa da taga, hasken ya sauka a gefen fuskarsa. Idan tagar tana bayansa, fuskar za ta fito baƙi ƙirin. A janye kujerarsa kamar mita biyu daga bango. Kyamara ta zauna a kan ƙafarta daidai tsayin idonsa, mai tambaya kuma ya zauna dab da ita, baƙon ya riƙa kallonsa. Waya ma tana aikin, muddin an kafa ta a gicciye ba a tsaye ba, an goge gilashin, an rufe layi saboda kira, an kuma kulle haske da saitin da ke fito da fuska sarai (focus) don kada hoton ya riƙa canzawa duk lokacin da baƙo ya motsa. Idan fitilar ɗaki tana sa hoto rawa, saurin ɗauka ne bai dace da lantarkin ba: inda wuta take 50 Hz (wato zagaye 50 a daƙiƙa) a ɗauka da hoto 25 a daƙiƙa, inda take 60 Hz a ɗauka da 30.

Sauti ne ya fi kayar da masu koyo, kuma shi ne ya fi wuyar gyarawa daga baya. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar magana ta ƙi jiyuwa sai ya wuce. A maƙala ƙaramin makirufo a rigar baƙo, taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda zane ko sarƙa ba za su goge shi ba. A kashe fanka da firiji. Ɗakin da babu labule ko darduma yana amsa-kuwwa, a guje shi. Ma'aunin ƙarfin sauti da na'urar ke nunawa ya riƙa kaiwa wajen -12 dB. Idan ya taɓa sifili muryar ta fashe ke nan. Mai sauti ya sa abin sauraro a kunne daga farko har ƙarshe. Idan da na'ura daban ake ɗaukar sautin, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da shi za a haɗa hoto da murya. Shi kuwa mai tambaya ya daina cewa "haka ne, haka ne" a kan maganar baƙo, ya gyaɗa kai kawai. Da an gama, kowa ya yi shiru daƙiƙa 30 a ɗauki sautin ɗakin, don cike gurbin da aka yanke.

Kada a tashi sai an ɗauki hannun baƙon yana sauya gilashin kyamara, yana saita fitila, yana duba hotuna, kowanne aƙalla daƙiƙa goma. Da waɗannan ake rufe wurin yanka, in ba haka ba kansa zai riƙa tsalle a allo. A kwafe komai wuri biyu a ranar.

Wajen tacewa, su fara da takardar na huɗunsu, su zaɓi maganganun da za su yi minti uku, sannan su buɗe manhaja irin su DaVinci Resolve ko CapCut. Aikin mako mai zuwa kuma a ɗauko shi daga bakin baƙon: idan ya ce da hasken taga da farin kwali ya ɗauki hotonsa, a ba kowane rukuni kwali a tura su bakin taga.