Kurakuran da masu ƙera na'urori ke yi wajen shata musu iyaka a intanet

A Yamai yanzu ba a rasa matasan da ke haɗa na'ura da hannunsu: mai kunna injin ban ruwa a garkar bakin kogi, mai auna cajin batirin sola, mai buɗe ƙofar ofis da kati. Yawancinsu a kan ɗan allon ESP32 ake gina su, a jona su da wifi. Abin da ake mantawa shi ne tambayar da mai kula da rezon kowace ma'aikata zai yi: wannan na'urar taku, da wa take magana?

Akwai hanyar amsawa a rubuce. Sunanta MUD, wato bayanin mai ƙera na'ura kan yadda za a yi amfani da ita; IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ita a watan Maris na 2019 ƙarƙashin lamba RFC 8520. Mai ƙera na'ura yana rubuta ɗan fayil na JSON da ke faɗin wuraren da na'urar ke bukatar zuwa, ya ajiye shi a shafinsa. Na'urar kuma da ta shiga rezo sai ta faɗi adireshin fayil ɗin, ta DHCP (hanyar da rezo ke ba na'ura adireshi) ko LLDP (hanyar da take gabatar da kanta ga rezo) ko a cikin takardar shaidarta ta lantarki, X.509. Kamar maigadi ne aka miƙa masa jerin sunaye: wanda ke ciki ya wuce, wanda ba ya ciki ya tsaya a waje.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta jerin daga ka. Ka san na'urarka tana aika bayani ga sabar ɗinka, sai ka rubuta wannan kaɗai ka tashi. Amma manhajar da ka kwaso daga intanet ka liƙa a ciki tana da nata wuraren zuwa, wani lokaci har allon wifin da ka sayo daga Sin yana gaida masu shi. Maganin shi ne ka buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa a rezo, ka zuba ido. Ba na awa ɗaya ba. Ka kalle ta ranar da aka fara kunna ta, da lokacin da take sabunta manhaja, da lokacin da rezo ya tafi ya dawo. Abin da ka gani ba ka san dalilinsa ba, kada ka sa shi a jeri don a zauna lafiya. Ka cire shi daga na'urar.

A nan garin dole a tsaya kan maganar kuran. Lokacin zafi, wuta na iya tafiya ta dawo sau da dama kafin la'asar. Allon da ba shi da batirin agogo, duk sanda ya farka yana zaton shekarar 1970 ake ciki. Da wannan agogon, takardar shaidar sabar ɗinka za ta zame masa kamar wadda lokacinta bai yi ba, sai ya ƙi haɗuwa. Dole ya fara tambayar lokaci ta NTP, hanyar daidaita agogo ta rezo. To, MUD yana barin DNS (mai juya sunan shafi zuwa lamba) da NTP su wuce ko ba ka rubuta ba, amma na rezon gidan da aka girka na'urar. Idan ka kafe na waje, kamar DNS na 8.8.8.8 ko NTP na pool.ntp.org, a cikin manhaja, ba ka kuma ambace su a fayil ba, na'urar za ta yi lafiya lau a teburinka, ta je ofishin mutane ta yi gum bayan ɗaukewar wuta ta farko. Sai a kira ka: "Malam, abin nan naka ya mutu." Bai mutu ba, ƙarfe nawa yake nema. Gyaran da ya fi shi ne na'ura ta karɓi DNS da NTP ɗin da DHCP ya ba ta.

Wasu kuma da suka sha wannan wahalar sai su faɗa ɗaya ɓangaren, su rubuta cewa na'ura na iya zuwa ko'ina a intanet. Wannan fayil da babu duk ɗaya. Ka ambaci sunan sabar, da lambar ƙofa, 443, ko 8883 in MQTT ne (hanyar aika saƙo tsakanin na'urori), ka kuma faɗi cewa na'urar ce ke fara kira, ba a kiranta daga waje. Haka cikin gida: idan wayar mai garka ce kawai ke ba ta umarni, MUD na da ajin mai sarrafa na'ura, ba sai ka buɗe mata dukan rezon gida ba. A 2016 muguwar manhajar nan Mirai ta ƙofar telnet (hanyar shiga na'ura daga nesa), lamba 23, ta shiga kyamarori da akwatunan intanet da kalmomin sirrin masana'anta, aka tara su aka durƙusar da kamfanin Dyn mai hidimar DNS a Amurka ranar 21 ga Oktoba. Kyamarar da ba a yarda ta yi magana da kowa ba sai gidansu, ba ta da amfani a irin wannan rundunar.

Ka rubuta suna, kada ka rubuta lambar IP. Masu ba da hayar sabar suna canza lambobi ba sallama.

Sai maganar hatimi. Fayil ɗin ta https ake ɗauko shi, kuma yana da sa hannu na lantarki a wani fayil dabam. Ko waƙafi ka taɓa, sai an sake sa hannu, in ba haka ba rezo ya yi watsi da shi. Akwai kuma wa'adin da rezo ke riƙe tsohon kwafi: awa 48 idan ba ka faɗi komai ba, iyakarsa awa 168, mako guda ke nan. Saboda haka idan sabuwar manhajarka za ta koma wani sabon sabar, fayil ne ke riga ta fita, da tsohon suna da sabo duka a ciki, a jira wa'adin ya cika, sannan a saki manhajar. Adireshin fayil ɗin kuwa a jikin na'ura yake. Duk wanda ya bar kuɗin sunan shafinsa ya ƙare, wani ya saye, ya miƙa wa baƙo alƙalamin rubuta wa kayansa doka. Ranar da ka daina kula da wani samfuri ma, akwai wurin faɗin haka a fayil. Ka faɗa, kada ka goge shi.

Gaskiya, yawancin akwatunan wifi da ke kasuwa ba sa karanta MUD, na'urar da ke aiki da layin salula kai tsaye kuma ba ta ratsa rezon kowa balle a tsare ta. A ganina duk da haka a rubuta. Ka buga jerin a takarda ɗaya da Faransanci, ka sa a kwali: ga suna, ga ƙofa, ga dalili. Mai kula da rezon banki ko asibiti zai shigar da shi da hannu a katangar tsaronsa. Kalmar sirri ɗaya ga dukan na'urori kuwa, wannan fayil ba ya gyara ta. Kowace na'ura a ba ta tata kafin ta bar shago.