Darasi na 9: Ɗora mai gadin rezo a fuskar wayarka

Duk mai sayar da tikitin wifi a Tahoua ya san wannan kira: kana kasuwa, yaron shago ya bugo, "Kawu, rezo ya tafi, mutane na neman kuɗinsu." Ka hau babur cikin rana ka iso, ka tarar ba abin da ya lalace, igiyar ruta, wato akwatin da ke raba intanet, ce kawai ta zame daga soket. Yau za mu koyi yadda za ka riƙa ganin lafiyar na'urorinka a waya, da taɓi ɗaya.

Manhajar da za mu yi aiki da ita sunanta Uptime Kuma, kyauta ce. Aikinta kamar na mai gadin dare ne: bayan kowane daƙiƙa 60 takan ƙwanƙwasa wa ruta da kowace eriya da ka ba ta. Wadda ta amsa, sai ta yi mata kore. Wadda ta yi shiru, ja. Girka ta a kwamfutar shago aikin mai gyara ne, ba namu ba. Kai dai idan ya gama, ka sa ya rubuta maka adireshin a takarda, da manyan lambobi. Zai yi kama da wannan: 192.168.1.20:3001. Lambobin farko gidan kwamfutar ne, 3001 kuwa lambar ƙofar da manhajar take.

Ba za ka same ta a Play Store ba, shafin intanet ce, amma ana iya manna ta a fuskar waya ta zauna kusa da WhatsApp. Haɗa wayarka da wifin shago, ka buɗe Chrome, ka rubuta adireshin a hankali. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: kafin 3001 ɗigo biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, ba ɗigo ɗaya ba. Idan shafin ya buɗe, sa sunanka da kalmar sirri. Daga nan duba sama ta hannun dama, akwai ɗigo uku a jere tsaye. Taɓa su. Wayoyinmu galibi da Faransanci suke, saboda haka nemi "Ajouter à l'écran d'accueil" ko "Installer l'application", ka taɓa, ka amince. Mai iPhone ya buɗe da Safari, ya taɓa ɗan akwatin nan mai kibiya sama, ya zaɓi "Sur l'écran d'accueil".

Wani zai ga tasa ta buɗe ita kaɗai, ta cika fuskar waya, ta wani kuma ta buɗe a cikin Chrome. Ba wayar ce ta fi wata ba. Chrome ba ya girka shafi a matsayin cikakkiyar manhaja sai adireshin ya fara da https. In babu "s" ɗin nan, ƴar gajeriyar hanya kawai yake ba ka. Ita ma tana biyan buƙata, kada ka kashe kuɗi don wannan tukuna.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, hoton da ke fuskar wayarka taga ce kawai, mai gadin yana can cikin kwamfutar shago. In an ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, shi ma ya yi barci, don haka a haɗa ta da batir ko sola tare da ruta. Sannan adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne. Kana unguwar Wadata ko tasha da forfen layinka, ba zai buɗe ba. Don labari ya iske ka a nesa, ce wa mai gyara ya haɗa manhajar da Telegram, manhajar saƙo irin WhatsApp, ta riƙa turo saƙo idan wata eriya ta yi ja. Amma in intanet ɗin shagon gaba ɗaya ya yanke, saƙon ba shi da hanyar fita, sai ya zama yaron shago ne dai zai kira.

Aikin gida: ɗora hoton a wayarka, ka cire igiyar eriya ɗaya, ka duba agogo. Rubuta a littafinka minti nawa aka yi kafin kore ya koma ja, ka zo da shi ranar Asabar.