Kurakuran da baƙo ke yi wajen cin abinci daga Ngaundare zuwa Injamena

Bahaushen da ya taso daga Kano ko Yola ko Damagaram ya sauka Garwa a arewacin Kamaru, abin da ke fara cutarsa shi ne ganin kamar yana gida. Ga tuwo da miyar kuka, ga mai tsire a bakin titi, ga mai shayi da teburinsa, a kasuwa kuma da wuya ya rasa mai jin Hausa. Sai ya saki jiki ya daina tambaya, alhali kama da wane ba ta wane. Yawancin kurakuran da baƙinmu ke tafkawa a wannan hanya, daga Ngaundare zuwa Garwa, Marwa, Kusiri, har a ƙetare gadar Ngeli a shiga Injamena, babban birnin Chadi, daga sakin jikin nan suke fitowa.

Na farkonsu a aljihu yake. Kamaru da Chadi kuɗinsu ɗaya ne, sefar Afirka ta Tsakiya. Sefar Nijar daban take ko da yake darajarsu ɗaya, kuma mai tuwo ba za ta karɓe ta ba, sai ka bi ta wurin 'yan canji. Wanda ya miƙa wa mai ƙosai takardar jaka goma, wato sefa dubu goma, da sassafe kuwa ya shirya tsayuwa, don ƙananan kuɗi na wahalar samu a ƙasashen nan biyu. Fasa babbar takarda a gidan mai ko babban kanti, ka riƙe silalla da 'yan ɗari biyar-biyar don abinci. A Injamena akwai wani tarkon: da Larabcin Chadi ake ciniki, kuma da riyal ake lissafi, riyal ɗaya sefa 5 ne. Idan mai nama ya ce riyal 100, sefa 500 yake nufi, riyal 200 kuma jaka guda. Mutanen Nijar da suka saba da lissafin dala, wadda ita ma sefa 5 ce, ba sa shan wahala a nan, ɗan Najeriya ne ke rikicewa ya zaci an yi masa araha, sai wajen biya rigima ta tashi. Ka sa a nuna maka kuɗin a waya ko a takarda kafin ka kai loma baki.

Sai lokaci. Babban abinci a nan na rana ne. Matan da ke kafa tukwane a gefen kasuwa da tasha suna saukewa kafin azahar, zuwa la'asar sai ƙanzo da ragowar miya. Wanda ya yi ta yawo har magariba sannan ya fita neman tuwo mai zafi, sai dai ya haƙura da gasasshen kifi, tsire, ko Indomie da ƙwai a teburin mai shayi. Ba laifi ba ne, amma bai ci abincin garin ba. Ranar kasuwa ma tana da tasiri: Litinin ce babbar kasuwar Marwa, Lahadi ta Pitowa kusa da Garwa, ranakun nan ne ake samun sabon nono da ganye da nama a wadace.

Kuskuren da ya fi ciwo ga Musulmi shi ne na ƙwarya. A ƙauyuka da wasu unguwanni za ka ga mutane zaune a inuwa ana zuba musu wani abu ja-ja mai kauri daga randa. Ba kunu ba ne. Bil-bil ne, wato burkutun dawa, a Chadi kuma bili-bili ake ce masa. Kunu a bakin Fulanin nan gaari ne, shi za ka nema. Haka nama: a yankin Yaguwa da Kaele da wasu unguwannin manyan garuruwa ana kiwon alade, ana kuma gasa shi kusa da mashaya. Babu wanda ke ɓoye wannan, baƙon ne bai tambaya ba. Tambayar “naman me ne?” ba ta ɓata wa kowa rai, kuma mahautan Hausawa da Larabawan Shuwa suna ko'ina.

Akwai kuma masu raina tuwon garin. Mutum ya zauna, a kawo masa tuwon jar dawa, ya yatsina fuska ya ce a ba shi shinkafa. Wannan asara ce. Dawa ita ce ƙashin bayan abincin arewacin Kamaru, kuma iri-iri ce. Akwai ja ta damina mai nauyi a ciki, wadda ke riƙe manomi tun safe har yamma. Akwai masakwa, da Fulani ke kira muskuwaari, wadda ake dasawa bayan ɗaukewar ruwa a ƙasar laka mai tsagewa, ta girma da danshin da ƙasa ta riƙe, a girbe ta wajen Fabrairu. Tuwonta ya fi laushi da haske, kuma a ganina duk wanda ya je Marwa bai ci shi ba bai gama ziyara ba. Miyar ma sanannu ne da suka sauya suna: folere yakuwa ce, tasba tafasa, bokko kuka. Bambancin yana hannun mai girki, don a nan ana yawan sa gyaɗa da busasshen kifi, daddawar kuma sau da yawa ta 'ya'yan yakuwa ce, mai ƙarfin wari fiye da ta kalwa. A Chadi za ka tarar da kisra, wani siririn waina mai ɗan tsami da ake shimfiɗawa a faranti a ci da miya, da sharmut, busasshen naman da ake dakawa a zuba a miyar kuɓewa. Akwai kawal, ganyen tafasa da aka ruɓar aka busar, wanda warinsa kan kori baƙo tun daga ƙofa. Kar ka yanke masa hukunci da hanci. Gutsuri kaɗan ka haɗa da tuwo mai yawa, a loma ta uku harshe zai fara sabawa.

Kifi kuwa shi ne abin alfaharin hanyar nan. Garwa na samu daga Binuwai da madatsar Lagdo da aka kammala a 1982, Marwa daga tafkin Maga da aka tare a 1979 saboda noman shinkafa, Kusiri da Injamena kuma suna bakin Logon da Shari. Giwan ruwa, karfasa, tarwaɗa, duk akwai. Kuskuren shi ne ka zauna ka ce “a gasa min ɗaya” ka koma danna waya. Tashi ka zaɓa da kanka. Ɗaga murfin kunnensa ka ga ciki ja ne, idonsa garau, tsokarsa in ka danna ta dawo. Ku gama ciniki yana ɗanye, don in ya hau wuta bakinka ya mutu.

Masu sayen kilishin tsaraba su ma suna da nasu. Sukan zaɓi mai kauri mai nauyi, alhali nauyin na labu ne, naman kaɗan. Mai kyau siriri ne, in ka ɗaga shi sama haske na ratsa shi. Ɗanɗana kafin a naɗe, in man ya fara maƙaƙi a maƙogwaro tsoho ne aka sake shafawa. Kuma a takarda ake ajiye shi. Wanda ya ƙulle shi a leda ya jefa bayan mota cikin rana, gumi zai yi, kafin a isa gida ya fara fumfuna.

Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40 a Garwa da Marwa da Injamena, kuma wanda ya kwana a sanyin tudun Ngaundare ya gangaro, shi ya fi jin bugun. Ƙishirwa ce ke sa mutum ya kama duk abin da ke da raɓa a jiki. Zoɓo, da ake kira folere a Kamaru da karkanji a Chadi, an tafasa shi, to amma ruwan da aka tsinka shi da shi fa, da ƙanƙarar da aka jefa, da tsohuwar gorar da aka ɗura shi? Saya a inda ka ga 'yan gari na layi. Ruwan gora kuma duba murfinsa ka tabbatar ba a taɓa buɗewa ba. Da damina a ƙara kula, don yankin nan ya sha fama da kwalara, musamman annobar 2010 a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. In gudawa ta kama ka, kar ka fara da ƙwayar tsayar da ita. Samu lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ka yi ta kurɓa. In ta zama kamar ruwan shinkafa ko ta haɗu da amai, asibiti kai tsaye. Madarar shanu ɗanya ma a tafasa ta tukuna, komai kyan ƙwaryar. Mai ciwon sukari ya sani cewa shayin Chadi a buta ake dafa shi da sukarinsa, sai ya yi magana tun kafin a ɗora.

A gidan mutane, in an ce maka bisimilla, ko “faddal” a Injamena, kar ka tsaya daga nesa kana “na ƙoshi”. Wanke hannu ka zauna, ka ci daga gabanka ko loma biyu ce. In kuma ka sauka gidan Fulani aka ajiye maka akushi maigida ya fice ya bar ka kai kaɗai, ba wulaƙanci ba ne, kunya ce, so yake ka ci ka sake. Kai ma kar ka suɗe kwanon, yara na jiran ragowa.

Hanyar Marwa zuwa Kusiri ta Mora da Waza doguwa ce, ga ramuka, ga shingayen jami'an tsaro, kuma da rana ake bin ta. Wanda ya cika ciki da tuwo da man shanu kafin ya hau mota zai yi nadama tun bai wuce Mora ba, wanda ya hau da cikin wofi yana sa ran cin abinci a hanya shi ma haka. Sha kunu ko shayi da burodi da asuba, ka sa dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa a jaka, da ruwa aƙalla gora biyu manya. Tuwo da kifi sai an sauka Kusiri.