Malaman nazare, ku bar yara su taɓa

Kowace shekara sai sababbin malaman nazare sun maimaita kurakurai iri ɗaya, har na gaji da faɗa da baki.

Mafi muni shi ne damƙa wa ɗan shekara 3 fensir tun makon farko, a ce sai ya cika shafi da A. Yatsunsa ba su yi ƙwari ba, ga malama tsaye a kansa tana tsawa. A makarantarmu wata ta kwashe zango guda tana haka. Yara suka koma kuka tun daga bakin ƙofa, iyaye suka fara kwashe 'ya'yansu. Da aka tuhume ta sai ta ce ai iyayen ne ke son ganin littafi cike. Haba Malama! Ke aka ba amana ko littafin? Tun 1907 Maria Montessori, masaniyar tarbiyyar yara 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta a birnin Rum, inda yara ke bin haruffa masu kaushi da yatsa kafin su kai ga rubutu. Ni yashi nake tankaɗewa a faranti. Yaro ya ja harafi da yatsa, in bai yi ba ya girgiza farantin ya sake, babu jan biro balle kuka.

Sai kuma "Kai, bari, ƙazanta!" Yaro na cuɗa laka ko yana juye ruwa daga moɗa zuwa gwangwani, a nan yake gane nauyi da sanyi da cika da raguwa. Ke da kika girma kina tuwon ƙasa a tsakar gida, yau ke ce mai hanawa? Ki sa iyaye su kawo tsohuwar riga, ki ajiye sabulu da buta, shi ke nan. Ranar Alhamis nakan zo da tsamiya da citta da daddawa, su shinshina su lasa. Yamutsa fuskar da suke yi kan tsamiya ta isa a koya musu kalmar tsami.

Kada a ba 'yan ƙasa da shekara 3 gyaɗa ko wake su yi wasa, hanci da maƙogwaro suke nufa. Batirin agogo kuwa ko kusa da aji kada ya zo.

Waya ba ta maye gurbin hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya yana kallo a rana. A ajina ma waya a jaka take yini har a tashi.