Idan Injin Ban Ruwa Ya Tashi Ya Mutu

Injin da yake tashi ya mutu cikin minti guda, yawanci mai ne ba ya isar masa. Kafin ka ɗauke shi daga fadama zuwa wurin makaniki a Kura ko Haɗeja, bi waɗannan matakan.

1. Buɗe famfon mai sosai, kuma ka mayar da cok, wato makunnin da ke rage iska lokacin tayarwa, da zarar injin ya kama.

2. Sassauta murfin tanki ka sake tayarwa. In ya ci gaba da aiki, hujin iskar murfin ne ya toshe.

3. Ajiye shi a wuri mai daidai ka duba baƙin mai. Injuna irin Honda GX160 suna kashe kansu idan ya yi ƙasa ko an karkata su a gefen rijiya. Kusan lita 0.6 suke ɗauka.

4. Kafireta, inda fetur ke gauraya da iska, nan ne yawancin matsalar take. Rufe mai, kwance kwanon ƙasa da sifana mai lamba 10, ka juye a kwalba. Ruwa yakan kwanta a ƙasan fetur, musamman man bumburutu. Ciro jet ɗin tsakiya, wato ɗan ƙarfe mai huji da fetur ke bi, ka zura siririyar wayar jan ƙarfe har ka hango haske ta hujin. Don Allah kada ka sa allura, tana faɗaɗa hujin, injin ya koma shan mai.

5. Wanke soson matatar iska, ƙurar hunturu tana toshe shi da wuri.

6. Filogin da ya yi baƙi, goge shi, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. In ya tsage, canza shi.