Yadda Za Ka Toshe Wa 'Yan Kutse Hanya A Ginin Da Kwamfuta Ke Juyawa

Idan kai aka damƙa wa kula da wani babban gini, otal ne ko asibiti ko ofis mai hawa-hawa, irin wanda esi da fitilu da lifta da kamarori da ƙofofin kati duk kwamfuta ce ke juya su, to zauna mu yi magana don akwai abinda masu sayar da kayan nan ba su cika faɗa ba. Za su zo maka da zancen ragin kuɗin wuta, da cewa kana kwance a gado za ka iya kashe esin hawa na bakwai daga wayarka, kuma duk gaskiya ne wallahi, sai dai hanyar da ka bi ka kashe esin nan wani ma zai iya bin ta idan an bar ta a buɗe.

Ka fara gane tushen matsalar tukuna. Na'urorin gini suna da yaren da suke magana da juna, manyan su ne BACnet wanda ya fito a 1995, da Modbus wanda tun 1979 kamfanin Modicon ya ƙirƙiro shi, sai KNX da aka fi amfani da shi a Turai. Lokacin da aka tsara na farkon nan ba wanda ya kawo a ransa wai wata rana za a jona su da intanet, shi ya sa ba su san tambayar "kai waye" ba. Duk wanda ya samu ya kai ga layin ya ce wa kwantirola rufe bawul, ta rufe, ya ce kashe fanka, ta kashe, ba fasawod ba komai. Tunda ba za ka iya koya musu wayo ba, duk aikinka ya koma kan abu ɗaya, wato waye ke iya kaiwa gare su.

To abu na farko, ɗauki littafi da biro da tocila ka zaga ginin da ƙafarka. Kar ka yarda da zanen da ɗan kwangila ya bari, yawanci ya tsufa. Buɗe kowane akwatin wuta, leƙa ɗakin injina, hau rufi inda manyan injinan sanyi suke, ka rubuta duk abinda ke da wayar netwok ko eriya, sunansa, wa ya saka shi, da me yake magana. Akwai wani gini da na taɓa dubawa, manajan ya rantse min injinansu ba su da wata alaƙa da intanet, muna buɗe akwatin da ke ɗakin injin lifta sai ga wani ɗan modem ƙarami an ɗaure shi da roba a gefe, koren fitilarsa na ƙyaftawa, da layin waya a ciki. Wanda ya yi gyara shekarun baya ne ya maƙala shi don ya huta zirga-zirga, ya bar aikin ya tafi, abin yana nan yana aiki ba wanda ya sani. A ofishin kuma kwamfutar da ke juya komai tana ƙarƙashin tebur ƙura ta rufe ta, fasawod ɗin an rubuta a 'yar takarda an liƙa a jikin allon.

Ka gama ƙidaya, sai ka duba me duniya ke gani daga waje. Akwai wani shafi Shodan, tun 2009 yake, aikinsa kawai ya riƙa zagaya intanet yana tattara duk na'urar da ta amsa sallama, kuma 'yan kutse da masu tsaro duk shi suke leƙawa. Ka nemi adireshin intanet na gininka ka saka a ciki, ko ka sa mai kula da netwok ya yi a gabanka. Lambobin ƙofa, wato mashigar da na'ura ke karɓar saƙo ta netwok, da za ka sa wa ido su ne 47808 na BACnet, 502 na Modbus, 3671 na KNX, da 1911 na Niagara, wata manhajar juya kayan gini. Idan ko ɗaya ya bayyana a buɗe to ranar za a rufe shi, ba gobe ba. Kuma kar ka ce ai mu ƙananan mutane ne wa zai kula mu, ba zaɓe suke yi ba, manhaja ce ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya. A 2013 wasu masu bincike biyu sun samu hanyar shiga tsarin ginin ofishin Google da ke Sidni ta irin wannan ɓarakar, Google fa. A 2021 kuma a Jamus aka shiga wani ginin ofis ta ƙofar KNX da aka bari a buɗe, aka goge saitin ɗaruruwan na'urori sannan aka kulle su da mabuɗin da masu ginin ba su sani ba, fitilu da labulen tagogi suka daina jin magana, sai da ƙwararru suka sha fama kafin suka tono mabuɗin. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na garin Lappeenranta a Finland a ƙarshen 2016, gidajen haya biyu, aka yi wa kwamfutar ɗumama ginin ruwan saƙonni har ta riƙa mutuwa tana tashi, mutane suka rasa ɗumi da ruwan zafi a lokacin sanyin ƙasar nan.

Bayan ka rufe waje sai ka raba ciki. Netwok ɗin injina daban, na ma'aikata daban, wayfay na baƙi daban, kamarori ma a ware su, a sa fayawol a tsakani wanda zai hana komai wucewa sai abinda ka rubuta da hannunka cewa ya wuce. Masu netwok sun san yadda ake yi, VLAN suke ce masa, ba wani kayan tsada ake buƙata ba a yawancin wurare. Dalilin shi ne kutsen yana tafiya ta kowane ɓangare, wani ya danna linkin banza a ofis a bi ta nan a kai ga injina, ko a shigo ta injin a kai ga kuɗi. A 2017 kamfanin tsaron intanet Darktrace ya ba da labarin wani gidan caca a Arewacin Amurka da aka kwashe musu bayanai ta na'urar auna zafin ruwan tankin kifin ado, ka ji fa, tankin kifi.

Maganar fasawod ba sai na ja ta ba. Duk na'urar da ke kan wanda ta zo da shi daga masana'anta a canza, su admin admin da 1234. Manhajar kutse ta Mirai da ta rikita intanet a 2016 har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane, da ɗan jerin fasawod kusan 60 kawai ta kame dubban kamarori da rauta. Kowa ya samu akawun ɗinsa da sunansa, wanda ya bar aiki a goge nasa ranar da ya tafi.

Inda na fi so ka tsaya da kyau shi ne 'yan kwangila, don a ganina nan ne ramin da ya fi zurfi kuma nan aka fi jin nauyin magana. Mai gyaran esi yana da hanyar shiga, mai lifta yana da tasa, mai kamara, mai janareta, mai ƙofofi, kowa ya saka 'yar manhajarsa ta shiga daga nesa, sau da yawa ma fasawod ɗaya yake amfani da shi a duk gine-ginen da yake wa aiki, kai kuma kana kunyar tambaya saboda kun saba. Cire kunya. Kutsen da aka yi wa kantunan Target a Amurka a ƙarshen 2013, wanda aka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40, ta akawun ɗin wani kamfanin gyaran firiji da esi aka fara shiga, ba ma ta injin ba, ta izinin da aka ba ɗan kwangila. Abinda za ka yi shi ne ƙofa ɗaya tak ga kowa, ta VPN, wato kulallar hanyar shiga netwok daga nesa, da tabbaci na biyu wanda lamba ke zuwa waya, kuma a rufe take sai ya kira ya ce zai yi aiki ka buɗe masa na awa biyu ko uku ka mayar ka rufe. A riƙa ajiye tarihin wa ya shiga, yaushe, me ya taɓa. Idan ya zo da laftof ko filasha zai soka a injinka, kana da damar cewa a duba tukuna. Ka sa duk wannan a takardar kwangila tun farko, har da cewa ranar da aka rabu zai miƙa duk fasawod da fayilolin saiti, don na ga inda aka yi faɗa da ɗan kwangila ya tafi da su aka zauna ana kallon gini kamar na aro.

Sabunta manhaja kuma a bi a hankali, injin gini ba waya ba ne da za ka danna ofdet da rana tsaka, ka shirya da mai gyaran, ku ɗauki kwafin saiti, ku yi da dare ko ranar da ba kowa. Idan kwamfutar tana kan Windows 7, tun Janairun 2020 Microsoft ta daina yi masa gyaran tsaro, ko a canza ko a cire ta daga intanet gaba ɗaya a hana duba imel a kanta. Kwafin saitin nan a ajiye ɗaya a wani wuri da ba ya jone da komai, kuma a gwada mayar da shi ko sau ɗaya a gani.

In za ku sayi sabbin kaya, tambayi mai sayarwa ko suna goyon bayan BACnet/SC ko KNX Secure, su ne sababbin da ke ɓoye saƙo kuma suke tantance mai magana, ka tambaye shi shekara nawa za su yi suna fitar da gyara, da ko sun bi ƙa'idar IEC 62443 ta tsaron na'urorin sarrafa injina. Idan ya fara kame-kame ka gane. Katin ƙofa ma a duba, tsofaffin nan masu 125 kHz cikin daƙiƙoƙi ake kwafe su da 'yar na'ura mai shiga aljihu. Yanzu abin yayi shi ne a tura bayanan gini sabar kamfani a intanet wai ƙirƙirarriyar basira ta riƙa rage cin wuta, ba laifi, amma ka tambaya karantawa kawai suke ko har umarni suna iya bayarwa. A 2021 an leƙa kamarori kusan 150,000 na kwastomomin kamfanin kamarorin tsaro Verkada saboda akawun ɗin babban mai kula ɗaya da ya faɗa hannun wasu.

Sai ranar da duk wannan ya gaza. Yawancin injina suna da makunni mai matsayi uku a jikin akwatinsu, hannu, kashe, da otomatik. Ka tabbata masu aikin dare sun san inda yake kuma sun taɓa murɗa shi da hannunsu, lambobin wayar masu gyara suna rubuce a takarda a ɗakin masu gadi, kuma ƙararrawar gobara da ƙofofin fita na gaggawa suna aiki ko kwamfuta ta mutu. Ku zaɓi wata rana da ba jama'a, ku zare wayar netwok daga babbar kwamfutar, ku riƙe agogo ku ga minti nawa zai ɗauka kafin famfon ruwa da esi su dawo da hannu.