Fadamar tace ruwan sama: kurakuran da ke dawo mana da dalma cikin tukunya

Ruwan da ke gangarowa daga Jekadafari ko Tashar Dukku a garin Gombe da damina yana wanko tutiyar kwanon rufi, da ƙurar taya, da jan ƙarfen birki, da dalmar da ke zuba wajen masu gyaran batir. Shi ya sa ake shawarar a haƙa masa fadama, a shuka kachalla ko jema, ya tsaya ya tace kafin ya wuce. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharuɗɗa.

Babban kuskure shi ne zaton fadamar tana kashe gubar. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Yana nutsewa ne cikin laka da saiwoyi, ya yi ta taruwa shekara da shekaru. To sai rani ya yi, mai lambu ya ga baƙar laka mai maiƙo, ya kwashe ta a matsayin taki, ya zuba wa alayyafo da latas. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin ganye yana ɗaukar kadmiyam (wani ƙarfe mai guba) sosai, dalma kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara ko da kaɗan ce. Wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda dalma ta kashe yara sama da 400, ba zai yi wasa da ita ba. Lakar nan a kai ta gwaji, sannan a binne ta nesa da gona da rijiya.

Akwai kuma barin fadamar ta bushe ƙurmus. Muddin laka na ƙarƙashin ruwa, ƙarfen a ɗaure yake. Da ta tsattsage iska ta shige ta, sai ya kwance, ruwan farko ya kwashe shi ya yi gaba. A bar wani sashe mai zurfi da zai riƙe ruwa har bazara.

A mashigar ruwa a yi ramin tara yashi, a riƙa yashe shi kafin damina. Masu gini kan tsallake wannan don tsimin kuɗi, ga ƙasar Gombe kuwa mai saurin zaizaya.

Kachallar da aka yanka kada a ƙona ta a watsa tokar a gona, ƙarfen na cikin tokar. Kada kuma ganin ruwa garau ya ruɗi kowa ya sha ko ya shayar da dabbobi. Tafasawa ba ta fitar da dalma, gwaji kaɗai ke nuna ta.